Manomin da Aka Kira Ɗinya

Akwai wani mutum, manomi, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Ba mai dukiya ba ne, ba kuma za a ce da shi matalauci ba. Yana da rumbu biyu, da 'yan awaki, da mata mai suna Afiniki. Afiniki ta fi shi baki, shi kuwa ya fi ta riƙo. Ita in ranta ya ɓaci, sai ta zazzage komai kafin tuwo ya dahu, ta manta. Shi in an ɓata masa rai sai ya yi shiru, ya ɗauki abin ya ajiye can cikin ciki, kullum yana leƙawa ya ga ko yana nan. In ban da wannan hali, mutumin kirki ne, ba ya jira a roƙe shi kafin ya sa hannu a aikin wani.

Ƙauyen nan Allah ya wadata shi da itatuwan ɗinya. Akwai su a bakin rafi, akwai su a tsakiyar gonaki, akwai wata babba a bayan majami'a wadda sai mutum uku sun haɗa hannu kafin su zagaye ta. Idan damina ta ja, ɗinya ta nuna, sai ka ga ƙasa ta yi baƙi ƙirin da 'ya'yanta. Yara su ci har haƙoransu su rine, awaki su ci su gaji, sauran kuma a bi ta kai da ƙafa a hanyar gona. Ba mai kai ta kasuwar ƙauyen, gama wa zai sayi abin da ya tattako da takalminsa a hanyar zuwa?

Saboda yawanta, sai sunanta ya zama abin yi wa juna ba'a. In mutum ya sayo fartanya ta karye a noman fari, sai a ce masa ɗinya ya sayo. In mai wa'azi ya yi ta surutu ba abin ɗauka, a hanyar gida sai ka ji ana cewa yau ɗinya aka zuba mana, ina kuwa fata ba haka za ku ce da nawa ba idan mun tashi. Mafi muni shi ne a kira babban mutum da sunan. Wanda aka ce wa ɗinya, ana nufin ba shi da daraja ke nan, duk wanda ya zo wucewa sai ya sunkuya ya tsince shi, ya aike shi inda ya ga dama, ba ko sannu. A ƙauyen nan gara ka ce da magidanci rago da ka ce masa ɗinya.

To, manomin nan yana da maƙwabciya, wata gwauruwa da ake kira Kaka Liyatu. Taku ashirin ne tsakanin ƙofarsa da tata. Mijinta, Malam Barnaba, shi ne mai bisharar da ya fara koya wa mutanen ƙauyen karatu, ya rasu da daɗewa, kabarinsa yana bayan majami'a. 'Ya'ya biyu suka haifa, duka sun riga ta. Ita ce mafi tsufa a garin, sa'o'inta duk sun tafi sun bar ta. Idonta ya yi rauni, kunnenta ya yi nauyi ƙwarai, sai an sa baki kusa an ɗaga murya kafin ta ji.

Abu ɗaya Kaka Liyatu take roƙo a wurin Allah, wato ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta, a kuma binne ta kusa da mijinta. Tana da ɗan ƙane a birni mai suna Filibus, wanda ya daɗe yana so ya ɗauke ta. Ba mugun mutum ba ne, tausayinta yake ji. Amma ya faɗa mata a fili cewa ran da ɗakin nan ya kasa kāre ta daga ruwan sama, zai zo da mota, ba kuwa zai saurari roƙo ba. Saboda haka zaman Kaka Liyatu a ƙauyen ya rataya ne ga jinkar ɗakinta.

Jinkar kuwa manomin ne yake kula da ita. Kowace shekara bayan kaka, in ya je yankan shuci, ciyawar da ake rufe ɗaki da ita, sai ya yanko rabo biyu. Ya zauna a inuwa ya yanta ta da igiya, kafin ruwan fari kuma ya hau ɗakin tsohuwar ya gyara, sa'an nan ya juyo kan nasa. Shekara goma sha biyu yana wannan. Ba ta taɓa roƙonsa ba, ba wanda ya sa shi. Afiniki kuma takan kai mata ruwa da itace. A shekarar da muke magana, jinkar ta ruɓe ta wuce gyara, sai dai a sauke ta a yi sabuwar baibaya. Manomin ya san da haka, har ya yanko shuci mai yawa ya tara a kan rumfarsa.

Sai ranar godiyar kaka ta zo. Majami'a ta cika maƙil, dammunan dawa da gero a jere a gaba, kaji a ɗaure suna kuka a tsakiyar addu'a. Fasto ya ce duk mai shaida ya tashi ya faɗi abin da Ubangiji ya yi masa. Mutane suka yi ta tashi. Can sai aka ga Kaka Liyatu tana laluben sandarta, mata biyu suka tallafa mata ta miƙe. Ta gode wa Allah don numfashi, ta gode don ruwan sama, ta gode don ta ga wata kaka. Sa'an nan ta juya wajen bencin maza, ta nuna inda take zaton maƙwabcinta yake zaune, ta ce da ƙarfi irin na waɗanda ba sa jin muryar kansu:

“Ina kuma gode wa Allah saboda maƙwabcina. Jama'a, mutumin nan ɗinya ne. Tun da mijina ya rasu ban ga ɗinya irinsa ba.”

Sai dariya ta ɓarke daga bencin baya, ta bi layi layi har gaba. 'Yan zumuntar mata suka rufe baki da gefen mayafi, kafaɗu suna rawa. Fasto kansa ya ɓoye fuska a bayan littafin waƙa. Kaka Liyatu ba ta ji abin da ake cewa ba, ta dai ji majami'a ta ɗauki hayaniya, sai ta ɗauka murna ake taya ta. Ta gyaɗa kai cikin jin daɗi, ta sāke maimaitawa, kafin aka zaunar da ita. Manomin kuwa ya sunkuyar da kai, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Kafin mako ya zagayo sunan ya bi shi. Akwai wani mahauci, Zakka, wanda bai taɓa barin abin dariya ya wuce shi ba. In ya hango manomin a kasuwa sai ya ɗaga murya ya ce Ɗinya ya zo ya kama masa ƙafar saniya. In an taru a gindin bishiya ana neman wanda za a aika, sai wani ya ce ai ga Ɗinya nan zaune. Ba da ƙiyayya suke yi ba, amma wanda ake yi wa bai ga wasa a ciki ba. Ya riƙa cewa a ransa, ashe haka tsohuwar nan take kallona. Shekara goma sha biyu ina hawa ɗakinta rana tana dukana, ashe a wurinta ni abin tsinta ne a ƙasa, har ta rasa inda za ta faɗa sai a ɗakin Allah, gaban surukaina.

Afiniki ta ce masa ita ba ta yarda Kaka zagi take nufi ba, gama fuskar mai zagi daban take, ya je ya tambaye ta mana. Ya ce me zai tambaya, da Hausa ta yi magana, kowa ya ji. Afiniki ta ce taku ashirin ne fa. Ya ce ko taku biyu ne ba zai je ba. Daga ranar ya ɗauke ƙafa. In zai tafi gona sai ya zagaya ta bayan rumbu don kada ya bi ta ƙofarta. Shucin da ya tara ya bar shi a kan rumfa, rana tana bugunsa. Bai daina zuwa sujada ba, a waƙa ma muryarsa ta fi ta kowa tashi, sai dai idan an zo wurin roƙon gafara yakan ɗan yi tari.

Bai hana Afiniki kai ruwa ba, ita kuma ba ta fasa ba. Kullum Kaka Liyatu sai ta tambaye ta ina ɗanta, gama haka take kiransa. Sai Afiniki ta ce aiki ne ya yi masa yawa. Tsohuwar takan gyaɗa kai, ba ta ƙara tambaya sai washegari. Haka aka yi wata huɗu.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Filibus ya zo daga birni duba gwaggonsa. Ya ɗaga kai a cikin ɗakin ya ga hasken rana yana shigowa ta wuri bakwai. Ya sa sanda ya taɓa jinkar, ciyawa ta zubo masa a ka kamar gari. Bai yi faɗa ba, ya dai ce ta haɗa kayanta, ran Asabar ta sama zai dawo da mota. Kaka Liyatu ba ta yi gardama ba, alkawari ne da ta sani tun dā. Bayan tafiyarsa ta sa aka kai ta bayan majami'a, ta zauna kusa da kabarin mijinta har rana ta yi sanyi. Manomin ya ji labarin duka daga bakin Afiniki. Abin ya taɓa shi, ba zan ce bai taɓa shi ba, amma ya ce ai birni ma gari ne, a can sai ta sami wata ɗinyar ta tsinta.

Ran Jumma'a da safe, ana gobe Filibus zai zo, Afiniki ta shigo gida ɗauke da wani tsohon akwatin ƙarfe a ka. Ta ce Kaka ce ta ba ta ajiya. Kayan Malam Barnaba ne a ciki, tana tsoron a birni a ce tarkace ne a zubar, a ɗakinta kuma ruwa zai lalata su. Ta ce gidan ɗanta kaɗai ta amince ta bar su. Manomin yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗaga kai ba, ya ce ta ajiye duk inda ta ga dama.

Da Afiniki ta sauke akwatin sai ta ga gindinsa ya yi tsatsa, gara ta fara shiga. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta fito da kayan don su sha iska. Ba wani abin kirki a ciki: tsohuwar riga, da tabarau mai ƙafa ɗaya, da wata jarida da aka naɗe a ƙyalle, ta tsufa har ta yi ja, gefenta yana marmashewa. Iska ta fara kaɗa ta, manomin ya miƙa hannu zai danne ta da dutse. Sai idonsa ya faɗa kan sunan ƙauyensu, a ƙarƙashinsa kuma ga sunan Malam Barnaba. Wasiƙa ce malamin ya aika wa jaridar, aka buga a shafin wasiƙu. Manomin ba gwanin karatu ba ne, da yatsa yake bi. Ya ajiye ƙota, ya fara bi a hankali. Bayan gaisuwa ga mai jarida, ga abin da wasiƙar ta ce:

“Ina so masu karatu su ji abin da Allah ya yi mana a daminar da ta wuce. Fāra ta cinye mana gonaki a shekarar da ta gabace ta, rumbuna suka ƙare tun kafin a gama noma. Muka ci dusa, muka ci tafasa, waɗansu har irin shuka suka ci. Sa'an nan ɗinya ta nuna, ta yi 'ya'ya irin waɗanda tsofaffinmu ba su taɓa gani ba. Kwana arba'in da 'yan kai ita muka ci safe da yamma, mata suka dafa maɗinta suna ba masu jego, har gero ya iso. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya yi mata noma. Ba mu roƙe ta ba, ba ta kuma tambayi ko mu su wane ne ba. Jarirai huɗu aka haifa mana a daminar, dukansu suna raye. Tun daga nan, in mutum ya zo maka da taimako ba tare da ka roƙe shi ba, a lokacin da ba ka da kowa, sai mu ce wane ɗinya ne. Ba mu da kalmar godiya da ta fi wannan, ba ma kuwa faɗa wa mutum ita sai ya cancanta. Na rubuto ne don kada 'ya'yanmu su manta idan sun ƙoshi.”

Manomin ya kai ƙarshe, ya koma farko. Da ya gama karo na biyu sai ya duba shekarar da ke saman shafin, ya ƙirga da yatsu. Shekarar haihuwarsa ce, shi kuwa ɗan damina ne. Cikin jariran nan huɗu, ɗaya shi ne. Kunya ta rufe shi, irin wadda ta fi ta ranar godiya nesa ba kusa ba. Afiniki ta tambaye shi ko lafiya, ya miƙa mata jaridar. Ta karanta, ta dube shi. A duk zaman aurensu wannan ce rana ta farko da ta sami dama ta yi magana ta kuma yi shiru.

Ya tashi ya hau rumfa ya sauko da shuci. Wata huɗu na sakaci sun yi aikinsu, gara ta ci kusan rabi. Abin da ya rage ba zai rufe ɗaki biyu ba, ɗaya ma da ƙyar. Bai tsaya shawara ba, ya haɗa rabonsa da nata ya ɗaure. Ya ɗora dami a ka, ya yi takun nan ashirin, ya iske Kaka Liyatu zaune a ƙofar ɗaki, ƙunshin tufafinta a gefe. Ya sauke kaya ya durƙusa, ya kama hannunta. Ta shafa hannun, ta gane shi nan take, fuskarta ta washe.

“Ɗana, ka tashi? Bayan naka ya yi sauƙi?”

Ashe tun da ya daina zuwa, ta yanke a ranta cewa ciwo ne ya kwantar da shi, Afiniki tana ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Ta kuma ɗora wa kanta laifi, wai hawan ɗakinta ne ya karya masa baya. Wata huɗu kowace safiya tana roƙon Allah ya tashi kafaɗarsa. Ta ce ba don jinka take roƙo ba, ita ta riga ta haƙura da ɗakin, so take dai ta ji ya warke kafin mota ta zo.

Manomin ya ce a hankali, ba ciwo ya yi ba, fushi ya yi. Ta ce me ya ce? Ya ƙara murya kaɗan, ta kawo kunne ta ce ba ta ji ba. Nan fa ya ga babu makawa. Mutumin da bai taɓa bari ko matarsa ta ji abin da ke cikinsa ba, dole ya sa baki a kunnen tsohuwa ya buɗe murya iya ƙarfinsa, har ana ji a gidaje uku:

“Kaka, lafiyata ƙalau. Fushi na yi da ke. Na zaci zagina kika yi a majami'a. Na yi zunubi, ki gafarta mini.”

Ta ce wane zagi? Sai ya shiga yi mata bayani, duk da ihu, abin da ɗinya take nufi a bakin mutanen yanzu, da dalilin dariyar ranar nan, da sunan da aka liƙa masa. Kafin ya gama, kawuna sun fara leƙowa ta kan zana. Hawaye suka zubo wa Kaka Liyatu. Ta ce ashe kunyata shi ta yi a gaban jama'a, ita da ta kwana uku tana neman kalmar da ta isa ta gode masa, ta ɗauko wadda ta fi kowace tsada a wurinta. Ta ce a duk rayuwarta mutum biyu ta taɓa kira da sunan nan, na farko shi ne mijinta. Sa'an nan ta tambaya:

“Wa ya lalata mana kalmar?”

Manomin ya ce, “Ƙoshi ne, Kaka.”

Maƙwabtan da suka ji ihun ba su koma gida ba. Afiniki ta fito da jaridar, aka karanta a tsaye a ƙofar ɗakin, aka sāke karantawa don waɗanda suka zo daga baya. Zakka mahauci yana cikinsu. Ya tuɓe riga ya kama igiya. Aka sauke tsohuwar jinka, waɗansu suna yanta, waɗansu suna ɗauri, mata suna kawo ruwan sha. Hadari ya taso da azahar ya tsaya yana gurnani, amma bai zubo ba. Kafin rana ta faɗi, maza takwas suka ɗaga sabuwar jinka suka ɗora a kan ɗakin.

Ran Asabar Filibus ya iso da mota kamar yadda ya ce. Yana cikin ɗakin yana duban sama da mamaki, sai ruwan fari ya sauko da ƙarfi. Ya zauna har aka ɗauke, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Mutum ne mai cika magana, ya ci tuwo, ya yi sallama, ya koma shi kaɗai. A daminar nan ɗakin manomin ne ya yi yoyo, Afiniki tana jera ƙore da tasoshi tana mita, shi kuwa ba a taɓa jin ya yi gunaguni ba. Kaka Liyatu ta ƙara damina uku a ɗakinta, da Ubangiji ya kira ta aka binne ta kusa da Malam Barnaba.

Yanzu ku saurari ma'anar wannan misali, 'yan'uwa.

Ɗinyar nan ita ce alherin Allah. Ba mu shuka shi ba, ba mu yi masa noma ba, yana zubo mana tun ba mu san roƙo ba. Saboda kullum yana nan, sai muka mai da shi abin takawa. Numfashin da ka ja tun da ka zauna a bencin nan, ka gode wa wani a kansa? Ruwan da ya sauka a gonarka, da barcin da ka yi ka farka, da gafarar da Almasihu ya saya mana da ransa, muna jin labarinta kowace Lahadi har ta zama mana kamar gaisuwar hanya. Iyayenmu da suka fara karɓar bishara, waɗansu an kore su daga gida a kanta, in sun ce alheri sai ka ga idonsu ya kawo ruwa. Mu da muka gāda, mun ƙoshi, muna faɗin kalmar muna hamma. Kalmar ba ta canza ba, mu ne muka manta da yunwar da ta sa aka ƙaunace ta. Don haka ku da kuka ga jiya, ku zaunar da 'ya'yanku ku faɗa musu inda Allah ya tsamo ku. Malam Barnaba ya rubuta, takardarsa ta yi shekara hamsin a akwati, duk da haka ta yi aikinta.

Haka kuma muke yi wa mutanen da Allah ya sa su zama alheri a gare mu. Wanda yake zuwa sau ɗaya a shekara da babbar kyauta, shi muke shimfiɗa wa tabarma. Wanda yake nan kullum, mun daina ganinsa. Ni mai faɗa muku wannan ban tsira ba. Akwai wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana share majami'ar da na fara aiki, ban taɓa sanin ana share ta ba sai makon da matar ta kwanta ciwo, na ga ƙasa a kan bagade. Na je na gode mata, na kuwa gode wa Allah da ya bar ta da rai har na je.

Manomin kuwa, kada mu yi masa dariya da yawa, gama da yawanmu shi ne. Muna aikin kirki, gaskiya ne, ba a roƙe mu ba. Amma can ƙasan zuciya muna jiran a gode mana, da irin kalmar da muka zaɓa, a irin wurin da muke so. In godiyar ta zo da wata kama, sai mu ce raini ne. Wata tana gode maka da ƙwaryar gyaɗa, wani da tsayawa kusa da kai a wurin makoki bai ce uffan ba, tsoho kuma da kalmar da aka daina amfani da ita. Mutumin nan ya sami yabo mafi girma da aka taɓa yi masa, ya ɗauke shi ya riƙe wata huɗu a matsayin zagi, don girman kai ya hana shi tambaya. Saura kwana ɗaya tsohuwa ta rasa abin da ta roƙi Allah shekara da shekaru, ta dalilin fushin da ba ta ma san ana yi ba.

Mu gode wa Allah da bai yi da mu yadda muke yi da juna ba. Muna taka alherinsa, shekara ta zagayo ya sāke zubo mana. Muna fushi da shi a kan abin da ba mu fahimta ba, shi kuwa yana ta nemanmu.

Saboda haka ina roƙonku abu ɗaya. Wataƙila akwai wanda ka ɗauke wa ƙafa saboda wata magana da ka ji, ba ka kuwa taɓa tambayarsa abin da yake nufi ba. Mai yiwuwa ne a wannan safiya ya ambaci sunanka a gaban Allah, yana zaton ba ka da lafiya. Akwai kuma wanda ya daɗe yana yi maka alheri ba ka roƙe shi ba, har ka saba. Kada ka jira ranar godiya ta shekara. In an tashi daga nan ka bi ta ƙofarsa kafin ka je gida. Ka faɗa masa da kalmar da zai gane, in kuwa kunnensa ya yi nauyi, ka ɗaga murya, ko da maƙwabta za su ji.